Kunnuwan Danda Mai Inji

Duk wanda ya yi kwana biyu a Tasawa yakan san muryar Danda kafin ya san fuskarsa. In ya tsaya bakin tasha ya yi wa mai shayi ina kwana, mahautan da ke can ƙarshen kasuwa sai su amsa da lahiya lau, don sun ɗauka da su yake. Ba faɗa yake yi ba. Mutum ne mai fara'a wanda dariya ba ta yi masa wuya, haka nan dai maganarsa take fita kamar ana dukan ganga. Shi kuwa a nasa ganin mutanen yanzu ne suka lalace, kowa sai magana ciki-ciki kamar mai gaida surukai.

An haife shi a wani ƙauye da ke gefen Hawandawaki, gidan manoman hatsi da wake. Tun yana saurayi kokawa ce ta ɗauke masa hankali. In kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, shi ne na farko a dandali da walkinsa, kuma ya kai samarin ƙauyuka da dama ƙasa kafin ranar da wani ƙato ya faɗo masa a kafaɗa ta goce. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, hannun ya warke har yana noma da shi, amma kamun kokawa ya ƙare. Da rani ya shigo sai ya bi abokansa Tasawa neman aiki, ya tarar da wani tsoho mai injin niƙa a bayan kasuwa yana neman mai ɗaga masa buhu. Cin ranin da bai ƙare ba ke nan. Ya koyi tada inji, ya koyi ɗaure bel, ya koyi sassaƙa dutse in haƙoransa sun cinye, ya kai har da yatsu biyu yake bambanta garin tuwo da na fura. Da tsohon ya gaza, Danda ya ci gaba da riƙon rumfar. A nan ya yi aure, a nan gemunsa ya yi furfura, kodayake garin da ke kwanciya a kansa kullum bai bar kowa ya lura da ranar da ta fara ba.

Rumfar ta kwano ce sama da gefe, injin kuma na gazuwal ne, wato man dizal, tsoho amma mai ƙarfi. In ya tashi, kwanon ya shiga amsa masa, ko ƙwarya aka aje a ƙasa sai ta yi ta rawa ita kaɗai. Matan da ke kawo niƙa sun saba. Sukan jera robobinsu a layi su koma inuwar dogon yaro su yi hirarsu, mai son magana da shi kuwa sai ta shigo ta taɓa shi ta nuna da hannu. Shi ne a ciki tun hantsi har la'asar sakaliya, shekara da shekaru.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai a wannan sana'a, wato lokacin kokawa. In aka fara gasar takobi, babbar kokawar ƙasa ta shekara-shekara, gari duk ya koma gindin rediyo, shi kuwa tasa ko ya ƙure ta ba ya jin komai. Wata shekara ya sayi ekutar mai igiya, abin sauraron nan da ake jonawa a talho, wato wayar hannu, ya saƙala a kunne, ya jefa talhon a aljihun gaba. Ba a daɗe ba ya sunkuya zai gyara roba, igiyar ta yi lilo, bel ya cafke ta. Kafin ya ɗago, talhon ya fice daga aljihu ya bugi kwano ya tarwatse, shi kuma ya tsira da kunne mai raɗaɗi. Biba matarsa ta ce gara talho da wuya, ta kuma sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara shiga rumfa da wani abu mai igiya a jikinsa ba. Ya riƙe alkawarin, har bayan ɗiyarsu da ke aure a Maraɗi ta aiko masa da sabon talho irin na shafawa.

To bana sai kokawar ta shigo masa har gida. Yusha'u, ɗan ƙanensa da ke can ƙauye, wanda Danda da kansa ya koya wa taɗiya a kan yashin ƙofar gida, ya kayar da duk wanda aka haɗa shi da shi a Tasawa. Aka sa sunansa cikin waɗanda za su je Maraɗi neman shiga ƴan kokawar jiha. Ranar da labarin ya tabbata, Danda ya zagaya kasuwa rumfa-rumfa yana faɗa wa mutanen da tun daga nesa suka riga suka ji. Sai dai karawar ta faɗo cikin makon bukukuwa, ya kuwa riga ya karɓi niƙan gidajen aure, ba halin rufe rumfa balle tafiya.

Ana cikin haka, wata safiya ya ga wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, zaune kan motonsa shi kaɗai, yana ta surutu yana dariya yana nuna iska da yatsa. Danda ya ɗauka taɓin hankali ne, ya tausaya masa, ga shi yaro da ƙuruciyarsa. Ya matsa zai yi masa addu'a, sai ya hango wani ɗan farin abu a kunnensa kamar ƙwayar gujiya. Da saurayin ya ce da wansa yake magana a Damagaram, kuma abin ba shi da igiya ko ta rantsuwa, Danda bai tsaya jin ƙarshen bayani ba. Ya nufi teburin Faruk har yana tuntuɓe.

Faruk ɗan maƙwabcinsa ne, ya yi lakwal, karatun boko, har lise, babbar sakandare, yanzu yana sayar da kayan talho ƙarƙashin wata laima kusa da tasha. Ya baje wa Baba Danda ekutar iri-iri a kan tire. Akwai masu zama a bakin kunne kawai, akwai masu ɗan kan roba da ake cusawa ciki, akwai masu ƙugiya da ke zagaye bayan kunne, ga kuma wasu da kwalinsu ya yi rantsuwa cewa suna kashe ƙara. Danda ya gwada wannan ya ji waƙa tangaran, ya ce shi ne. Ya gwada wancan ya ce a'a, wannan ne. Faruk ya tuna masa cewa a nan ba inji, duk abin da ya sa zai yi masa daɗi. Danda ya ce ai injin ba nisa gare shi. Ya sunkuci tiren da kansa ya yi gaba, dole Faruk ya bar wa maƙwabci tsaron tebur ya bi shi da sauri yana roƙon kada ya zubar.

A rumfa aka yi gwajin gaskiya. Danda ya tada inji ya zuba dawa, Faruk na tsaye yana miƙo masa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa a yamutse saboda ƙara. Masu zama a bakin kunne ba su tsinana komai ba, kamar an yi raɗa cikin hadari. Masu kashe ƙara sun ɗan danne gurnanin injin, amma kukan dutse da na kwano na nan daram. Masu kan roba ne suka fi, don da ya cusa su ya ji muryar mai labarai ta ratso, har ya ɗaga wa Faruk babban yatsa. Da suka fito waje Faruk ya yi masa bayanin cewa rediyon cikin talho ba ta bi ta irin waɗannan, sai dai a kama tashar ta intanet a riƙa sa mega, wato data, kuma maganar takan ɗan makara, mai rediyon hannu zai riga shi ji da kaɗan. Danda ya ce wanda ya shekara da shekaru ba ya ji sam, ba makarar ƙiftawar ido ce za ta dame shi ba. Ya zaɓi farare, irin na ɗan kabu-kabu.

Washegari ya shigo rumfa yana taku kamar sabon ango. Bai sani ba, gumi da taunar goro sun haɗa masa kai. Yana cikin markaɗa wa Hussaina mai ƙosai wakenta, na kunnen hagu ya sulɓe ya faɗa mazubi. Danda ya ji ƙaras a hannunsa, ya ga ɓarɓashi fari da baƙi na fitowa cikin ƙullu. Ya kashe inji, ya zubar da ƙullun, ya wanke dutse, ya aika aka auno wa Hussaina wani waken. Ita ko a jikinta. Ta bi layi tana faɗa wa mata cewa da ya bar mata, da gobe ƙosanta ya karanta wa mutane labarun duniya. Wanda ya tsira, na dama, Danda ya kai wa Biba ta jefa a gwangwanin alluranta, yana kiransa maraya. Shi kuma ya koma wurin Faruk ya ɗauko masu ƙugiya, waɗanda ko rawa ya yi ba za su faɗi ba.

Rawar kuwa ya yi ta. Masu ƙugiyar ba sa toshe kunne sosai, don haka ya ƙure sautin har inda talhon ya nuna masa jan layi, ya danna ya wuce. Kwanakin nan ba a taɓa ganin Danda cikin nishaɗi irinsu ba. Da safe labarai, da hantsi wa'azi, in rana ta take sai kiɗan ƴan kokawa, yana zuba hatsi yana girgiza kafaɗa. Ɗiyarsa ta kira daga Maraɗi ya amsa hannunsa cikin gari, duk layin mata suka ji lafiyar jikokinsa da abin da aka dafa musu. Ya ce wa mai shayi ashe haka duniya take, shi yana cikin tukunya bai sani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ranar da ba ya buɗe rumfa, ya kishingiɗa a ɗaki sai ya ji gyare na kuka. Ya ɗaga tabarma, ba komai. Ya ja akwati, ya zazzage takalma, ya leƙa bayan randa. Biba ta shigo ta same shi durƙushe ya hargitsa mata ɗaki. Ya ce ta taya shi neman gyaren nan da ya hana shi sakat. Ta yi shiru ta kasa kunne, ta ce ita ba ta jin komai sai kukan tantabarun maƙwabta. Sannan ta ce tun ɗazu take kiransa daga madafa bai amsa ba, kuma ba yau aka fara ba, in ta zauna ta hagunsa kamar da bango take magana. Danda ya so ya mayar da abin wasa, amma Biba ba ta yi dariya ba. Da safe ta yafa mayafinta ta tsaya bakin ƙofa har ya sa hula.

Majon asibitin unguwarsu, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata mace ce mai suna Zubaida, mai sanyin magana. Ta haska kunnuwansa da ƴar fitila, ta wanke masa garin da ya daskare a ciki, sannan ta koma bayansa ta toshe masa kunne ɗaya tana faɗin kalmomi a hankali yana maimaitawa. Ta dama ya kama mafi yawa. Ta hagu ta ce "gero" ya ce "zero", ta ce "tasa" ya juyo ya tambayi Biba ko an fara. Zubaida ta karɓi ekutar ɗin ta ce ya kunna yadda yake ji a wurin aiki. Ta riƙe su can nesa da ita, tsawon hannu, amma duk ɗakin aka ji kiɗan.

"Baba," ta ce, "inji na dukan kunnenka ta waje, kai kuma ka ɗauko wani ka sa mishi ta ciki. Gyaren da kake ji, kunnen ne ke kuka. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma wanda ya rage muna iya tsare shi."

Jikin Danda ya yi sanyi. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Ɗiyata, ki hana ni komi, na yarda. Amma ban da ranar Yusha'u."

Da Biba ta gaya mata wane ne Yusha'u, majo ta yi dariya ta ce ita ma gidansu ba a cin tuwo in ana kokawa. Ta ce ba hana shi za ta yi ba, juya abin za a yi. A fara tare ƙarar injin tukuna, in an tare ta, ɗan sauti kaɗan ya isa. Auduga ba ta yin wannan aiki. Akwai wani soso mai laushi da ake murzawa a cusa a kunne, amma mai hannu cikin gari da gazuwal kullum zai riƙa tura datti ciki. Abin da ya dace da shi kaske ne na kunne, mai rufe su gaba ɗaya, irin na masu aikin gudron, wato shimfiɗa kwalta. Ekutar ɗaya tak zai sa a ƙarƙashinsa, sautin kada ya wuce rabi, kuma in layi ya yi sauƙi ya kashe inji ya fito kunnuwa su huta.

Kafin su kai gida sanyin jikin ya gudu, zumuɗi ya dawo sabo. Ya zaga shagunan Tasawa bai samu ba, ya wuce tasha wurin Mai Nasara, direban da ke jigila tsakanin Tasawa da Maraɗi, abokin wasansa na shekaru. Mota ta cika, ƴan kamasho na ihu, Danda ya leƙa ta taga ya ce a sayo masa kaske mai kyau, mai ƙarfi, wanda ke rufewa ruf. Mai Nasara ya ce an gama.

Da ya dawo ya miƙo masa wata ƙatuwar leda yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Danda ya buɗe ya ga kasken moto, hular kwano ta masu babur, ja wur, har da gilashi. Mai Nasara ya ce shi ma ya yi mamaki, ya ɗauka Danda ya sayi moto bai gaya masa ba. Tun da abu ya zo, Danda ya ce bari dai a gwada. Ya kifa shi a kai ya tada inji. Ƙarar ta taru a ciki tana kai-kawo kamar an kifa masa turmi ana daka, gumi ya cika masa ido, gilashin ya yi fari fat da gari. Da ya fito yana lalube, matan da ke gindin dogon yaro har da masu kwanciya don dariya. Ɗan kabu-kabun nan ne ya ci ribar abin, don shi Danda ya kira ya bai wa. Faruk kuwa ya nemo hoton kasken kunne a talhonsa ya tura wa Mai Nasara, ya ce ya shiga kankayeri, wurin masu kayan gini, ya nuna musu hoton kada ya buɗe baki.

Ana gobe karawa abin ya iso. Rawaya ne, kofuna biyu masu laushin baki da baka mai ɗamewa a ka. Danda ya ɗora shi kan masu ƙugiya, sai ƙugiyar ta ɗage bakin kofin, ƙara na shiga ta gefe, ga matsi a bayan kunne. Har ya fara huci sai ya tuna da maraya. Ya aika gida Biba ta zazzage gwangwanin allura, Faruk ya yi masa sharji. Ɗan ƙaramin abu ya shige kunnen dama ya lafe, kofi ya rufe shi ruf, yanzu ko ya sulɓe ba inda za shi. Masu ƙugiya kuwa Biba ta ce ta gaje su.

Ya tada inji. Ya ga bel na gudu, ya ga ƙwarya na rawa a ƙasa, ya ji ƙasa na girgiza a tafin ƙafarsa, amma ƙarar ta koma can nesa kamar injin wata unguwa. Ya ɗaga kofi ɗaya, ta afko masa kamar an watsa ruwan zafi. Ya mayar, ta gudu. Ya yi ta ɗagawa yana mayarwa yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Sannan ya kunna tashar, sautin ƙasa da rabi, sai ga mai labarai kamar a kafaɗarsa yake zaune. Abin da ya ji tsoro, kada ya daina jin in injin ya canza murya, bai faru ba. Yana jin bugunsa sarai, har ya fi gane shi yanzu da kwano ya daina shiga tsakani. Duk wanda ya gifta ranar sai da Danda ya jawo shi ya kifa masa kasken. Da Hussaina ta kawo wake, ya tambaye ta ko mai laushi take so, muryarsa ta cika masa kai har ya sassauta ta bai sani ba. Hussaina ta matso da kunne ta ce, "Mi ka ce?" Ta fita tana shaida wa mata cewa yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, Danda ya yi magana ba a ji ba. Don kada wani ya shigo ta bayansa bai lura ba, ya samo madubin wata tsohuwar moto ya ɗaure a ginshiƙi yana kallon ƙofa.

Ranar karawa layi ya kai har bakin hanya, buhunan gidan biki jingine da kwano. Masu walda da ke tsallaken hanya sun aje aiki sun kewaye rediyonsu. Danda na ciki, kaske a kai, maraya a kunne, yana zuba masara yana jin gangunan filin Maraɗi da kirarin maroƙa da shaƙiyancin cali-cali, mai barkwancin fili. Bayan la'asar mai sharhi ya kira sunan Yusha'u na Tasawa, zai kara da wani ƙato ɗan Attantane wanda tun safe ba wanda ya daɗe a gabansa. Danda ya dakata da zuba masara. Ya leƙa ƙofa ya sanar da mata cewa an shiga, ya dawo ya damƙi bakin mazubi.

Aka daɗe ana zagaye, kowa na neman hannun ɗan'uwansa. Ɗan Attantane ya kai cafka, Yusha'u ya zille. Ya sake kaiwa ya sami wuya, ya danno shi har mai sharhi ya ce gwiwa ta kusa ƙasa. Danda ya sunkuya shi ma, yana cewa ya ware ƙafa, ya ware ƙafa, kamar yaron na jinsa. Sai ya ɗaga ido ya ga a madubi masu walda sun miƙe tsaye gaba ɗaya, wani ya ɗora hannu a ka. A nan ya tuna da maganar Faruk: su sun riga shi ji. Murna ce ko baƙin ciki, bai iya ganewa ba, kuma ba ya son ya gane daga fuskar kowa. Ya kai hannu ya kifar da madubin. Hussaina ta faɗo rumfar da gudu bakinta a buɗe, ya runtse ido gam ya juya mata baya.

A cikin kunnensa Yusha'u na nan a sunkuye ƙarƙashin ƙaton. Mai sharhi ya ce ya saki wuya, ya nutse, ya kama cinya. Ya sa ƙafa ta ciki. Murya ta haye sama, ganguna suka ruɗe, aka ce ya ɗaga shi, ya ɗaga shi, ɗan Attantane ya tafi da baya.

Danda ya buɗe ido ya ga gari ya cika roba ya zubo ya binne masa ƙafafu. Ya kashe inji, ya rungumi wani buhun dusa ya sa masa taɗiya ya maka shi da ƙasa, ya fito waje fari fat da rawayan kaske a kai, hannuwa sama. "Taɗiyata ce," yake faɗi, "wallahi taɗiyata ce, ni na koya mishi." Masu walda suka ɗaga shi sama suka zagaya dogon yaro da shi, mata na guɗa. Uwar biki da garinta ya zube ta ce ta yafe, amma da sharaɗin in Yusha'u ya dawo a kawo shi ya ci tuwon.

Washegari wani ya kayar da Yusha'u, amma ya riga ya shiga cikin goman da za su wakilci jiha. Danda ya ci gaba da aiki yadda majo ta tsara masa. Gyaren ya rage kuka, wata rana ma sai ya manta da shi. Kunnen hagu dai bai dawo ba, shi ya sa in kana magana da shi yakan juyo maka da dama kamar mai shirin kama ka. Masu inji daga Mayahi da ƙauyukan Hawandawaki in sun shigo kasuwa sukan biyo su ga abin da ake faɗi, wasu su gwada su yi dariya su tafi, wasu su ce Faruk ya tura musu hoton.

Da lokacin gasar takobi ya zo, ƙanensa ya taho daga ƙauye ya ce wannan karon ba rediyo, da idonsu za su gani. Danda ya rufe rumfa ya shiga motar magoya baya, kaske rataye a wuya. A filin aka zaunar da su dab da makaɗa, ga lasifika a kan ginshiƙi saitin kansu, sai ya ɗora abinsa ya ci gaba da kallo hankali kwance. Yusha'u ya shigo fili yana taku, layu na lilo a damtsensa, Danda ya miƙe tsaye yana yi masa kirari. Ana haka talho ya yi ƙara cikin kunnensa na dama. Biba ce. Ta ce duk unguwa na gidan su Faruk gaban tele, kuma tun ɗazu ake nuno wani mai rawayan kunnuwa yana tsalle, yara har sun taɓa gilashin suna kiran sunansa.

"Malam," ta ce, "mun gan ka, kowa ya gan ka. Amma ka zamna haka nan, ka tare wa na bayanka."

Danda ya waiwaya ya ga wani dattijo na ta yi masa nuni da sanda. Ya ba shi haƙuri da hannu, ya zauna a bakin benci, daidai lokacin da alƙalin wasa ya busa usur.